Ka ƙera na'urar asibiti mai hura iska? Ga yadda zaka gane ko OAPI zata baka birebe kafin ka kashe ko dala

Kwanakin baya ƙanin wani abokina ya same ni gida nan Garwa da wani abu ƙunshe a leda, shi infirmiye ne, kullum yana ganin 'yan moto da aka kwaso da karaya an ɗaure musu ƙafa da kwali ko itace ko abin da aka samu a bakin hanya. Ya ɗauki robar cikin taya ya ɗinka ta cikin yadi mai kauri, ya sa mata bawul, idan ka naɗa a ƙafa ka hura da famfon keke sai ta kama ƙafar gam ba motsi. Yace min "Yaya wannan fa ba'a taɓa yinshi ba, so nake in je Yawunde in karɓo birebe." Nace masa toh zauna mu sha shayi tukun, don abin da zan faɗa maka bazai maka daɗi ba.

Birebe dai ga wanda bai sani ba ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke baka ikon hana kowa ƙera abinka ko sayar da shi ko shigo da shi ba da izininka ba har shekara 20 daga ranar da ka ajiye dosiye, wato takardun nemanta. Mu nan Kamaru da Cadi ba kowace ƙasa ke bada tata ba, ofishi ɗaya ne na haɗin gwiwa mai rajistar mallakar ƙirƙira, OAPI, hedkwatarta a Yawunde, kuma takarda ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Mali, Senegal, Gabon, Afirka ta Tsakiya da sauransu. Dokar da suke aiki da ita yarjejeniyar Bangi ce ta 1977, an gyara ta a 1999 aka sake gyarawa a Bamako a 2015. Abin da na bi da shi ƙanin nan namu shi zan shimfiɗa a nan, mataki mataki, don nasan ba shi kaɗai bane, a Marwa da Kusiri da Njamena akwai masu hannu da yawa da suke ƙera irin waɗannan abubuwa a ɓoye.

Mataki na farko: ka kama bakinka

Wannan shi ke zuwa gaban komai saboda shi kaɗai ne in ka ɓata baya gyaruwa. Duk abin da ya fita bainar jama'a kafin ranar ajiyar dosiyenka ya zama tsohon abu a idon doka, ko da kai da kanka ka fitar. Bidiyo a Facebook, status na WhatsApp, hira da gidan rediyo, kundin kammala karatu da aka ajiye a laburaren jami'a, sayar da guda ɗaya ma wani mai farmasi, duk ɗaya ne. Yarjejeniyar Bangi ta ɗan bar ƙofa ta wata 12, amma ƙofa ce ƙarama, ta wanda aka ci amanarsa aka fallasa abinsa ne ko wanda ya nuna a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kada ka ji ance a Amurka mai ƙirƙira yana da shekara guda bayan ya nuna abinsa ka ɗauka haka yake ko'ina, tasu dokar daban.

In dole sai ka nuna ma tela ko mai walda ko likitan da zai baka shawara, ku rubuta takarda ta riƙe sirri ya sa hannu da kwanan wata. Nasan a wajenmu abin da nauyi, mutum zai ga kamar baka yarda da shi ba, amma ka ji labarin Foley. Robar fitsarin nan mai ɗan balan-balan a baki wadda duk asibiti ake ce ma sondi, likita ne Ba'amurke mai suna Frederic Foley ya fito da ita, ya nuna ta a taron likitoci a 1935 bai riga ya nemi takarda ba. A 1936 sai ga wani Paul Raiche na kamfanin roba na Davol ya samu takardar. Foley ya bi ta shari'a aka yi ta ja, ƙarshe takarda ta zauna hannun Raiche, shi Foley ya tashi da suna kawai. Har yau sunan nasa ake kira, kuɗin kuma wasu suka ci.

Mataki na biyu: ka cire ma ranka cewa hura iska ƙirƙira ce

Nan ne na daɗe da ƙanin namu. Kusan duk wanda ya ƙera abu mai kumbura ji yake kumburin shi ne sabon abu, alhali a aikin likita babu dabarar da aka tatse kamar ta. Abin awon jini da ake naɗawa a dantse, Scipione Riva-Rocci ne ɗan Italiya ya kawo shi a 1896. George Crile a 1903 ya yi rigar roba da ake hurawa don ta matse jikin majinyaci jininsa kada ya faɗi lokacin tiyata. Harvey Cushing a 1904 ya yi maɗaurin tsayar da jini mai iska. A 1950 aka samu tiyon Sengstaken da Blakemore mai balan-balan da ke danne jijiyoyin da suka fashe a maƙoshi. Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a watan Satumba 1977. Ga katifar iska ta masu doguwar jinya don kada bayansu ya yi gyambo, ga zoben iska na jikin tiyon numfashi, ga shi kansa ɗaurin karaya mai iska wanda motocin ɗaukar marasa lafiya a Turai suka daɗe suna yawo da shi.

Kaga kenan in duk abin da zaka iya cewa shi ne "abu ne da ake naɗawa a hura ya matse", an riga ka da shekara sama da ɗari. Kuma sabunta a dokar nan ta duniya baki ɗaya ce, ba ta unguwa ba. Ko da ba wanda ya taɓa ganin abin a Kamaru ko Cadi, in akwai takarda guda da Jafananci da aka buga a 1974 tana bayaninsa, shikenan ya tsufa.

Amma fa kada gwiwa ta yi sanyi, don tarihin ya nuna ana samun takarda a kan tsohuwar dabara in an warware wata matsala ta musamman. Thomas Fogarty ya ɗauki yatsan safar hannu ta roba ya ɗaure a bakin siririn tiyo da irin ɗaurin masu kamun kifi, ya rinƙa zura shi ya wuce gudan jinin da ya toshe jijiya, ya hura, ya jawo gudan waje. Balan-balan a bakin tiyo ai Foley ya riga shi, amma siffar da aikin da matsalar daban ne, ya kuma samu takardarsa a 1969. Archie Brain a Landan farkon shekarun 1980 ya yanko robar wani abin rufe hanci na likitocin haƙori ya haɗa da tiyo, ya fito da abin da ke zama a kan maƙogwaro ba tare da an zura cikinsa ba. Kayan haɗin duk sanannu ne, haɗin ne ba wanda ya yi tunaninsa.

Mataki na uku: ka warware abinka gunduwa gunduwa a takarda

Ɗauki littafi, kowane sashe layinsa. Kada ka rubuta "yana da kyau" ko "yana da arha", doka bata san wannan ba, rubuta abin da hannu ke taɓawa da yadda suke haɗe. Na ƙanin namu ya fito haka: yadi mai naɗewa a gaɓa, jakar iska a cikinsa, bawul na hurawa, igiyoyin ɗaurewa uku, sai wani ƙaramin bawul na biyu da ke sakin iska in matsi ya wuce kima. Na tambaye shi me yasa ka sa na biyun, sai yace ai ya lura in aka hura a ɗaki mai sanyi aka fita da mutum rana ko aka sa shi a mota sai abin ya ƙara tsauri har yatsu su fara canza kala. Nace yauwa, yanzu ka fara maganar da za'a saurara.

Don matsalar gaskiya ce kuma lissafi ne. Iskar da aka hura a digiri 25 in ta kai digiri 45, wanda a watan Maris ko Afrilu a nan ba labari bane cikin mota, tana neman ƙarin wuri kusan kashi 7 cikin ɗari. Ga kuma tudu, Garwa tana wajen mita 200 sama da teku, Ngawundare ta haura mita 1,100, in ka hau dutsen nan da majinyaci nauyin iskar waje yana raguwa kusan kashi 10 cikin ɗari, jakar sai ta ƙara kumbura ta shaƙe ƙafa, in kuma gangarowa kake sai ta saki, karaya ta koma motsi. Duk ƙirƙirar da zata tsaya da ƙafarta sai ta iya faɗin irin wannan: ga matsala, ga sashen da ya warware ta.

Mataki na huɗu: bincike, kuma kyauta ne

Da waya ma zaka iya, kodayake kwamfuta ta fi sauƙin ganin zane. Wurare uku: Espacenet na ofishin Turai, Patentscope na hukumar duniya da ke Jeniba, sai Google Patents wanda ya fi sauƙi ga mai farawa kuma yana fassara. Fara da kalmomin Faransanci irin su attelle (ɗaurin karaya) da gonflable (mai hurawa) da ballonnet (ɗan balan-balan), ka nemo takwarorinsu na Ingilishi ka sake gwadawa don yawancin takardun da shi aka rubuta. Amma kalma tana yaudara, wani zai kira abin jaka, wani matashi, wani mafitsara, lauyoyi ma da gangan suke kauce ma sunan da kowa ya sani. Abin da baya yaudara shi ne lambar rukuni, don kowace takarda a duniya ana jefa ta wani aji:

A61F 5/058 ɗaurin karaya
A61M 25/10 tiyo mai balan-balan
A61B 17/135 maɗaurin tsayar da jini mai iska
A61B 5/022 awon jini da abin naɗawa
A61M 16/04 tiyon numfashi
A61G 7/057 gado da katifar hana gyambon kwanciya
A61B 17/42 kayan aikin haihuwa da na mata

Sa lambar a wurin bincike ka haɗa da kalma ɗaya, sai ka rinƙa bin zane kawai, ba sai ka karanta komai ba, zane ɗari zaka wuce cikin awa ɗaya in intanet bata yi gardama ba. Wanda ya yi kama da naka ka buɗe, ka duba jerin tsofaffin takardun da ya ambata da kuma sababbin da suka ambace shi, wannan sarƙar ita ke kai ka inda kalma bata kai ba. Kuma kada ka tsaya a ajinka kaɗai, mai ɗaurin karaya ya leƙa ajin tiyon numfashi, zaka ga dalili nan gaba.

Sannan ba takardun birebe kaɗai ake ƙirgawa ba. Mujallun likitoci, kataloji na 'yan kasuwa, bidiyon YouTube, duk suna cikin abin da ya rigaya. Misali mafi kusa da mu shi ne na zubar jini bayan haihuwa. Na sha jin ungozomomi suna cewa sun gano dabarar ɗaure kwandom a bakin sondi a zura a mahaifa a cika da ruwan gishiri ya danne jinin, wasu har suna tunanin neman takarda. Dabarar tana ceton rai kam, amma Farfesa Sayeba Akhter ta Bangaladash ta buga ta a mujalla tun 2003, ga kuma balan-balan na Bakri na silikon mai ɗaukar har mililita 500 wanda aka san shi tun kafin nan. Rashin takardar mallaka a kan abu baya mayar da shi sabo, bugawar kaɗai ta isa.

Abu ɗaya da zaka riƙe, yawancin ofisoshi sai bayan wata 18 da ajiya suke buga dosiye, don haka akwai na shekara ɗaya da rabi da ba mai iya gani duk iya bincikensa. Wannan kasada ce da kowa ke ɗauka.

Mataki na biyar: awon sabunta

Wannan mai sauƙi ne. Zana tebur, sassan abinka a jere ta gefe, takardun da ka samo a sama, ka rinƙa sa alama. Ƙa'idar ita ce takarda GUDA ƊAYA ta ƙunshi duk sassan a haɗe yadda ka haɗa su, sannan ne sabunta ta mutu. In takarda ta farko tana da huɗu ta rasa na biyar, ta biyu tana da na biyar ta rasa sauran, toh abinka sabo ne a wannan ma'aunin. Mu dai da muka yi na ƙanin namu, huɗun farko mun same su tare a takardu fiye da yadda zamu ƙirga, har da masu bawul na sakin iska mun gani. Fuskarsa ta canza, shayin ma ya huce bai sha ba.

Mataki na shida: awon zurfin dabara, inda yawancin na'urorin iska ke faɗuwa

Ko ka tsallake sabunta akwai tambaya ta biyu, kuma ita ce mai yanka. Ana ƙaddara wani ma'aikaci gwanin wannan fanni, ya karanta duk abin da aka taɓa bugawa amma shi ba mai ƙirƙira bane, aikinsa kawai ya sani. In aka ba shi matsalarka, zai kai ga maganinka cikin sauƙi ta hanyar haɗa abubuwan da ya sani? In eh, babu takarda. A nan an yarda a haɗa takardu biyu ko uku a kanka. Masu duba dosiye a Turai suna bin hanya mai kyau da kai ma zaka iya bi a gida: nemo takardar da ta fi kusa da abinka, faɗi bambancin, faɗi abin da bambancin ke haifarwa a aikace, daga nan ka fitar da matsalar, sai ka tambayi kanka ko akwai wata takarda da ke nuna ma gwanin nan hanya. A Amurka ma kotun ƙoli a shari'ar kamfanonin KSR da Teleflex a 2007 ta ce haɗa sanannun abubuwa kowanne yana aikin da aka san shi da shi, sakamakon kuma wanda kowa zai zata, yawanci baya cancanta.

Ga abubuwan da kusan kullum ake watsarwa: canza kaya kawai, wato roba zuwa silikon ko leda ba tare da wani sakamakon ba-zata ba. Canza girma, na manya ka yi na yara. Cika da ruwa maimakon iska. Raba jaka ɗaya zuwa biyu ko uku don kawai a raba. Liƙa agogon matsi a jiki. Sa famfo mai batir a madadin na hannu. Ɗauko abin hannu ka kai ƙafa. Da kuma wanda ya fi mana ciwo, yin abin da kayan gida masu arha, wannan basira ce ta gaske kuma ita muke buƙata, amma arha ita kaɗai doka bata ɗauke ta ƙirƙira ba sai in arhar ta fito daga wani sabon tsari na ƙira.

Ƙanin namu da ya ga bawul ya faɗi sai ya kawo wata shawara mai kyau, yace ai bawul in ya saki iska ta tafi kenan, idan aka gangaro ko gari ya yi sanyi ɗaurin zai yi sako-sako, me zai hana a sa wata jaka ta biyu a waje mai laushi da zata karɓi iskar in ta yi yawa ta mayar in ta ragu. Wallahi na ji daɗin tunanin. Amma ka tuna nace a leƙa ajin maƙwabta, a tiyon numfashi akwai tsarin da ake kira Lanz, balan-balan ne a waje da ke karɓar iska yana mayarwa don matsin zoben ya tsaya wajen santimita 30 na ruwa a ma'aunin matsi kada ya ji ma maƙogwaro ciwo. Mai duba dosiye zai ɗauko ɗaurin karaya a hannun dama, Lanz a hagu, yace gwani zai haɗa. Amsarka dole ta zama ta fasaha: cewa yawan iskar ƙafa guda ya ninka na ɗan zobe nesa ba kusa ba, cewa matsin da ake so daban ne, cewa in ka kwafo wancan tsarin kai tsaye jakar zata yi girman da ba'a iya ɗauka, kuma ga takamaiman yadda ka tsara taka ta kauce ma hakan. In kana da wannan "ga yadda" ɗin kana da magana, in babu toh ra'ayi ne kawai.

Abin da ke ƙarfafa irin wannan hujja lambobi ne naka na kanka. Gwada naka da na da a yanayi ɗaya, rubuta matsi kowane minti goma, a rana, a inuwa, a mota. In kuma ka samu tsohuwar takarda da ke cewa hanyar da ka bi bata aiki, ka riƙe ta da kyau, hujja ce gare ka don ta nuna gwanaye sun juya ma hanyar baya. Lambobin kuma su shiga cikin dosiye tun farko, bayan ajiya ba'a yarda ka ƙaro sabon abu.

Bayan sabunta da zurfin dabara, sharaɗi na uku, wato a iya ƙera abin a masana'anta, na'ura bata cika samun matsala da shi ba, mu wuce.

Mataki na bakwai: na'ura zaka nema, ba hanyar jinya ba

Yarjejeniyar Bangi ta fitar da hanyoyin yi wa mutum ko dabba magani ko tiyata da hanyoyin gano cuta daga abin da ake ba takarda. In ka rubuta "hanyar tsayar da jini ta zura kaza a hura kaza na minti kaza" an rufe maka ƙofa. Rubuta "na'ura mai ɗauke da kaza da kaza", kayan aiki ana basu. Masu kwafo salon takardun Amurka su ke faɗawa wannan ramin, don can ana rubuta hanyar jinya.

Mataki na takwas: shata iyaka

Dosiye yana da bayani, zane, taƙaitawa, da kuma jerin da'awa, wanda shi ne zuciyar abin. Ka ɗauke shi kamar iyakar gona, abin da ka kewaye shi ne naka, in ka faɗaɗa ka shiga gonar magabata a rushe, in ka ƙuntata maƙwabci ya canza igiya ɗaya ya wuce ta gefenka yana dariya. Da'awa ta farko ta ƙunshi sassan da dole sai da su kawai tare da sashen nan da ya bambanta ka. Kada ka rubuta robar taya in kowace roba zata yi, kada ka rubuta igiya uku in biyu ma zasu riƙe. Sauran da'awoyin sai su rinƙa ƙara bayani ɗaya ɗaya, su ne matakalar da zaka sauka a kai in ta farko ta faɗi. Bayanin kuma ya isa wani gwani ya ƙera abin ba tare da ya kira ka a waya ba, ɓoye sirrin haɗi a nan yana iya kashe takardar gaba ɗaya. Da Faransanci ko Ingilishi ake ajiyewa, kuma a wannan matakin ni shawarata ka nemi ɗaya daga cikin wakilan da OAPI ta amince da su, jerin sunayensu yana shafinta. In ka je da teburinka da takardun da ka tono ka rage masa aiki ka rage ma kanka kuɗi.

Mataki na tara: ajiya da abin da ke biyo baya

Zaka iya ajiyewa kai tsaye a Yawunde ko ta ofishin haɗin gwiwa da kowace ƙasa ke da shi a ma'aikatar da ke kula da masana'antu, na Cadi yana Njamena, ba sai ka ƙetaro ba. Ka tambayi kuɗin ajiya na lokacin da kuma ko akwai rangwame ga mai ƙirƙira ɗan ƙasa, ka kuma sa a lissafi cewa duk shekara akwai kuɗin raya takarda, in ka daina biya ta mutu.

A da OAPI tana duba tsarin takardu ne ta bayar, a kan kasadar mai nema, ba tare da ta lamunce sabunta ba, shi yasa zaka ga mutum da birebe a bango wanda ranar da aka je kotu takarda ɗaya daga Espacenet zata rushe shi. Daga farkon 2025 sabon tsarin da gyaran Bamako ya kawo ya fara aiki, ana duba ainihin ƙirƙirar, ana buga dosiye, wani ma yana iya shigar da ƙorafi. Don haka aikin mataki na huɗu zuwa na shida in baka yi ba za'a yi maka shi bayan ka biya.

Najeriya bata cikin OAPI, kuma mu nan mun san kasuwarmu rabi Yola ce da Mubi da Maiduguri. In kana son kariya can sai ka ajiye daban a Abuja cikin wata 12 daga ranar ajiyarka ta farko, yarjejeniyar Paris ta baka wannan damar ranar farkon ta bi ka. Mai hangen Turai ko Indiya ko Sin sai ya bi ta PCT, wato tsarin ajiye dosiye ɗaya na ƙasa da ƙasa, cikin waɗannan wata 12 ɗin, wanda ke ja masa lokaci zuwa wajen wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashe, amma kuɗinsa ba na wasa bane, kada ka shiga sai da wanda zai zuba jari.

Ma'aikacin asibiti ko jami'a ya duba kwantiraginsa tukun, abin da ka ƙirƙira cikin aikin da aka ɗauke ka dominsa yana iya zama na mai aikin ne. Kuma birebe ba izinin sa ma majinyaci bane ko kaɗan, wannan na ma'aikatar lafiya ne da kwamitin ɗa'ar bincike, abin da ke matse gaɓa in ya wuce kima yana iya kashe jijiya.

In bincike ya nuna an riga ka fa?

Akwai hanya biyu kuma ba wadda ta zama faɗuwa. Ta farko ƙaramar takarda da OAPI ke bayarwa ta samfurin amfani, shekara 10 take, an yi ta ne don kayan aiki da aka yi ma sabon tsari ko sabuwar siffa mai amfani, bata neman zurfin dabara irin na birebe, kodayake ita ma tana son sabunta. Yawancin abin da masu hannunmu ke ƙerawa nan ya fi dacewa. Ta biyu kuma mutane basu cika lura da ita ba: takarda a ƙasar da aka ajiye ta kawai take aiki, kuma bayan shekara 20 ta zama ta kowa. Tsohon zanen da ya hana ka samun birebe shi ne kuma ya baka cikakken bayani kyauta yadda zaka ƙera, in ya ƙare ko ba'a taɓa ajiye shi a OAPI ba babu mai hana ka ɗinka shi a Garwa ka sa masa tambarinka, tambarin ma ana rajistarsa a wannan ofishin. Sai dai ka tabbatar da matsayin takardar kafin ka zuba kuɗi.

Shi ƙanin namu bai tafi Yawunde ba tukun. Ya goge bidiyon da ya so ɗorawa, ya sa tela ya sa hannu a takarda bayan dogon lallashi, yanzu ya ɗinka guda biyu, ɗaya mai jakar waje ɗaya babu, ya naɗa kowanne a jikin taɓarya ya liƙa agogon abin awon jini. Ranar Asabar zai shiga motar Ngawundare da su a cinya da littafi, yana rubuta lamba daga tasha har saman dutse, ya kwana ya sake rubutawa a gangarowa. Yace in direba ya tambaye shi zai ce saƙon surukarsa ne.